Lamba Biyar a Ɗakin Suruka

Wannan a gabana aka yi shi, ba labari aka ba ni ba. Saboda haka in kun ji wani wuri ya yi kama da ƙari, ku bar shi yadda yake.

Akwai wani abokina Lurwanu, mutumin Ringim, gari ɗaya muke zaune da shi can arewacin Ingila. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti yake aiki. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai fara ba ka haƙuri. Matarsa Suwaiba ta haihu ana tsakiyar sanyi, haihuwar fari, aka samu mace. Da yake ba su da wata babbar mace a kusa, sai ya yi abin da ya kamata: ya nema wa surukarsa biza, ta taso daga Kura ta zo ta yi wa 'yarta wankan jego.

Hajiya Yalwa ke nan. Doguwar mace, busasshiya, mai gonar shinkafa da ta tumatir, wadda ta saba ta tsaya a kan kunya ta yi nuni da yatsa maza su ruga. Ban da Makka ba ta taɓa fita ƙasar waje ba. Suwaiba ce autarta, kuma Auta take kiranta.

Tsakanin Lurwanu da Hajiya kuwa kunya ce irin ta da, wadda ba a rage mata komai ba. Tun da ya auri 'yarta magana ba ta taɓa haɗa su ba, in ka cire gaisuwa. Zai durƙusa ya kalli ƙasa ya ce, "Hajiya, ina kwana." Ita kuma ta kalli bango ta ce, "Lafiya lau." An gama. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "maigidan naki". Ko su ukun suna zaune a falo ɗaya, in tana da saƙo sai ta faɗa wa Auta, Auta ta juya ta faɗa masa, shi kuma ya ba Auta amsa, alhali kowa ya ji kowa.

A gida wannan ba matsala ba ce, don akwai fili, kowa da hanyarsa. Amma gidan haya na Ingila siriri ne kamar aljihu. Hanya ɗaya ce daga ƙofa zuwa kicin. In ya fito ya hango ta tafe, sai ya koma da baya-baya kamar direban da ya shiga lungun da ba ya ɓullewa.

To, don waɗanda ba su taɓa zuwa ba, bari in faɗi yadda ake ɗumama gida a can. A kicin akwai wata tukunyar gas manne da bango, boila ake ce mata. Ita ke dafa ruwa ta tura shi cikin bututu ya zaga gida. A kowane ɗaki kuma akwai wani faffaɗan ƙarfe a jikin bango, kamar lagireton mota amma fari, ruwan zafin ya bi ta cikinsa ya ɗumama ɗakin. Mu hita muke ce masa. A gefe ɗaya na hitar, can ƙasa, akwai wani farin kai da ake murɗawa, an rubuta masa lamba ɗaya zuwa biyar.

Saboda ciwon gwiwa, Hajiya ba ta iya yawan hawa bene. Sai aka gyara mata ƙaramin ɗakin da ke ƙasa, jikin kicin, bango ɗaya da boila. Gado ɗaya ne ya shiga, da akwatinta, da dardumar salla. Mai jego da jaririya da Lurwanu kuma suna sama, a ɗakin da ya fi kowanne nisa da kicin.

Ranar da Hajiya ta sauka, Suwaiba ta nuna mata abin murɗawar. Hajiya ta duƙa ta duba, ta ga lambobi, ta kai shi biyar. Ta miƙe.

Daga ranar ɗakin Hajiya ya zama Kura a watan azumin bazara. In ka wuce ta bakin ƙofar sai ka ji hucin ya dake ka a fuska. Ita kanta in zafin ya ishe ta ba ta rage lamba. Taga take buɗewa, ta zauna a bakin gado da zani ɗaya tana firfita da murfin kwano, tana cewa ƙasar nan ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

A sama kuwa, hitar ɗakin mai jego in ka taɓa ta kamar ka taɓa hannun wanda ya fito daga rijiya. Ɗan ɗumi-ɗumi a sama, ƙasanta sanyi ƙalau. Jaririya ta sha riga a kan riga har ba a ganin komai sai hanci. Lurwanu da hular sanyi yake kwana. Ya sayo ƙaramar hita ta lantarki, amma duk safiya in Hajiya ta jona butocin dafa ruwan wankan jego, sai wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Aka ajiye ƙaramar hitar.

Sai nas ɗin da ke zagayen duba jarirai ta zo. Ta hau sama, ta auna jaririya, ta ce lafiyarta ƙalau. Sannan ta dubi ɗan ma'aunin zafin da ke rataye a jakarta, ta dubi Lurwanu, ta ce ɗakin nan ya yi wa jariri sanyi, a gyara kafin ta dawo. Da ta sauko ta leƙa ɗakin Hajiya don su gaisa, ta fito tana cire rigar sanyinta, ta ce wannan kuma ya yi wa jariri zafi, kada a kwantar da ita a nan.

Hajiya ta tambayi Auta me Baturiyar ta ce. Da aka fassara mata sai ta ce, "Ita dai ba ta da ɗakin da ya yi mata."

Lurwanu ya kira ni a waya, muryarsa kamar an yi masa rasuwa. Na je. Muka fara da abin da kowa ke farawa da shi: muka sa ɗan makulli muka buɗe hitar sama don iska ta fita, wai ko ita ta toshe hanya. Iska ba ta fito ba, sai wani baƙin ruwa ya yi tsartuwa ya wanke masa gaban farar riga. Muka rufe. Hita na nan yadda take.

Mutumin da ya saba da gwajin jini ba ya barin abu bai gane shi ba. Lurwanu ya duƙufa karatu a waya, ya kalli masu gyara iri-iri suna bayani. Bayan 'yan kwanaki ya same ni a masallaci bayan Juma'a, ya ja ni gefe, idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Na gano. Hitar sama lafiyarta lau. Ruwa ne ba ya isa gare ta."

Na ce, "Ina yake tsayawa?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Ɗakin Hajiya."

Ashe shi ruwan, in ya fito daga boila, hanya mafi sauƙi yake bi. Hitar da ta fi kusa ita ke fara sha, in kuma an buɗe mata baki gaba ɗaya sai ta kwashe mafi yawa ta mayar wa boila, na nesa su samu abin da ya rage. Ga ta a lamba biyar, ga taga a buɗe, abin murɗawar yana jin iskar waje yana cewa har yanzu da saura. Ba ya taɓa hutawa.

Na ce, "To ai da sauƙi. A ce ta rage."

Ya ce, "Wa zai ce?"

Suwaiba ce ta gwada. Ta shiga da kunun kanwa a hannu, ta zauna, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Inna, da za ki mayar da abin nan uku, wai an ce ya fi."

Hajiya ta ce, "Nawa aka rubuta a jikinsa?"

"Biyar, Inna."

"Wanda ya ƙera shi mahaukaci ne?"

"A'a, Inna."

"To an ba ni biyar in ɗauki uku, ragowar biyun in bar wa wa?"

Suwaiba ta ce, "Mu a sama sanyi muke ji."

Hajiya ta ce, "Ku ma ku kai naku biyar. Na riƙe muku hannu?"

Nasu kuwa tun tuni yana biyar. Maganar ta mutu a nan.

Sai Lurwanu ya zo da wata dabara. Ya ce a ɗaya gefen kowace hita akwai wani abin murɗawa na biyu, bawul ake ce masa, mai ɗan farin marfi, ba lamba a jikinsa, ba wanda ke kula da shi. Da sifana ake juya shi. Shi ne ke ƙayyade yawan ruwan da zai ratsa hitar. In aka matse na kusa da boila, aka saki na nesa, ruwa zai rabu daidai, kowa ya samu. Aikin ba wuya. Wuyar ita ce bawul ɗin yana cikin ɗakin suruka, suruka kuma ba ta fita ko ƙofar gida.

Nan matata ta shigo cikin lamarin. Ta je ta gaishe da Hajiya, ta yi mata labarin wani shago a tsakiyar gari inda ake sayar da kuɓewa ɗanya da daddawa da busasshen kifi. Hajiya ta ce ƙarya ne. Matata ta ce a zo a gani. Ranar Asabar da hantsi aka naɗe Hajiya cikin rigunan sanyi, aka sa ta a mota, suka tafi.

Motar na shan kwana muka tsaya a ƙofar ɗakin, ni da Lurwanu, sifana a hannunsa. Ya cire silifas. Ya yi sallama.

Na ce, "Ba kowa fa a ciki."

Ya ce, "Na sani."

Ya sake yin sallama, ya ɗan jira, sannan ya shiga a sunkuye, idonsa a kan kafet, bai kalli gado ba, bai kalli akwati ba, ya bi bango da hannu har ya iske hitar. Ya durƙusa a gabanta kamar ita ma gaishe ta zai yi.

Aikina shi ne hawa da sauka. Shi ya rufe bawul ɗin Hajiya ruf, ya buɗe shi ɗan kaɗan. Ya matse na falo shi ma, amma bai kai na Hajiya ba. Ni kuma na hau sama na saki na ɗakin mai jego har ƙarshe. Sai a jira. Sai ya ce in taɓa bututu. In ce da ɗumi. Ya ce ɗumi irin na shayi ko irin na wanka? In sauko in faɗa masa. Ya ƙara juya sifana kamar mai gyaran agogo. In sake hawa. Gwiwoyina har yau ba su yafe masa ba.

Can sai muka ji hitar sama ta fara ƙas-ƙas. Na ɗora hannu na janye da sauri. Suwaiba ta taɓa, ta kalle ni, ta kalli jaririya, sai ga hawaye. Aka fara cire wa yarinya riguna ɗaya bayan ɗaya, har muka ga ashe tana da wuya.

Da Lurwanu ya tsaya a nan, da an zauna lafiya. Amma da zai fito daga ɗakin Hajiya, sai ya kalli farin kan nan yana biyar, zuciyarsa ta kasa daurewa. Ya mayar da shi uku. Ya rufe taga. Ya fito da baya-baya, ya ja ƙofa.

Hajiya ta dawo da ledojin kuɓewa tana cikin fara'a. Ta shiga ɗaki. Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito sai ta tambayi Auta ko akwai wanda ya zo gidan. Auta ta ce ba kowa, sai abokin maigidan. Hajiya ta ce, "Uhm."

Abin da ta yi, daga baya muka gani. Ta mayar da farin kan biyar. Sannan ta ɗauko wani tsohon zanin atamfa, ta naɗe kan da shi, ta naɗe har da bututun, ta zaga ta sake zagawa, ta ƙulle da ƙulli irin na bakin buhu. Wanda zai sake taɓawa sai ya kwance, wanda ya kwance kuma za a gane.

Ba a jima ba hitarta ta huce. Ta yi sanyi kamar ba a taɓa kunna ta ba.

Hajiya ba ta yi ƙorafi ba. Irin su ba sa yi. Ta sa duk rigunan da ta zo da su, ta ɗora mayafi, ta ɗora bargo, ta zauna a tsakiyar gado da carbi. Ta ci gaba da yi wa 'yarta wanka da kunu kamar kullum, amma abincin gidan ta daina ci, sai shayi. In Lurwanu ya durƙusa ya ce ina kwana, "lafiya" take cewa, "lau" ɗin ta cire. Suwaiba ta tambaye ta ko ba ta da lafiya ne, ta ce lafiyarta ƙalau. Ƙofarta kuma a rufe, ba wanda ya san abin da ke ciki.

Sai ranar nan da safe ta kira Auta ta ce, "Ki faɗa wa maigidan naki na gode da hidima. A matso min da tikitina. Na ji saƙon."

"Wane saƙo, Inna?"

"Mutum in ya gaji da baƙo ba sai ya faɗa da baki ba. Na fita sau ɗaya, na dawo an kashe min wuta an kai sama. Ba komai. Gidansa ne."

Ko arba'in ba a yi ba. Suwaiba ta hau sama tana kuka. Kafin azahar magana ta isa Kura, daga Kura ta tsallaka Ringim. A bakin mutanen gida kuma ba hita aka ce ba. Cewa aka yi Lurwanu ya kai surukarsa ƙasar ƙanƙara ya kashe mata wuta. Mahaifinsa ya kira shi yana wurin aiki. Lurwanu ya ce min tsawon wayar bai samu ya ce komai ba sai "to, Baba". Ƙarshen maganar dattijon shi ne, in matar nan ta hau jirgi da fushi, shi ma kada ya sake ya hau jirgin da zai kawo shi Ringim.

Ya zo ya ɗauke ni, wai in raka shi ban haƙuri, don ko a gida ba a zuwa irin wannan kai kaɗai. A mota yana ta maimaita abin da zai ce. Gajere ne: "Hajiya, na yi kuskure, a yafe min." Na ce kada ya ƙara ko kalma ɗaya. Ya ce ina shi ina ƙari.

Suwaiba ta buɗe mana ƙofar ɗakin, ta zauna a bakin gado da jaririya. Mu kuma muka durƙusa a bakin ƙofa. Ɗakin sanyi kamar shagon mai kifi. Hajiya na zaune cikin bargo, ta juya wa ƙofa gefe, akwatinta a tsaye an zuge shi.

Lurwanu ya sunkuyar da kai ya fara. "Hajiya, na yi kus..."

Da yake ƙasa yake kallo, sai idonsa ya sauka a kan ƙullin atamfar.

Ya ƙura masa ido. Na zungure shi. Bai motsa ba.

Ya ce, "Suwaiba, mene ne wancan?"

Ta leƙa. "Zanin Inna ne."

"Tun yaushe yake wurin?"

Hajiya ta ce wa bango, "Ki ce masa tun ranar da aka fara shigar min ɗaki."

Wallahi ban san abin da ya shiga Lurwanu ba. Mutumin da bai taɓa haɗa jimla biyu a gaban matar nan ba, sai ga shi ya ɗago kai.

Ya ce, "Hajiya, ba ni na kashe ba. Zanin ne."

Suwaiba ta zaro ido. Ni kuwa na fara duba hanyar fita.

Hajiya ta ce, "Auta, ki tambaye shi, zanin nawa ne ya tashi ya kashe wuta?"

Bai jira Auta ba. Ya ce, "Don Allah a kwance a gani."

Hajiya ta yi nuni da haɓa. Suwaiba ta miƙa min jaririya, ta durƙusa ta yi ta fama da ƙullin har da haƙori. Da zanin ya warware, sai ta ce, "Kai, cikinsa da zafi!" Muka zauna muna kallon ƙarfe, mu huɗu. Can sai ƙas. Sai ƙas-ƙas. Suwaiba ta ɗora hannu ta ce, "Inna, ya taso."

Nan ma da ya tsaya, da ya fita da girmansa. Amma an riga an ɓalle.

Ya gyara durƙuso ya ce, "Hajiya, kin ga wannan farin kan? Ba irin na risho ba ne. Lambar nan ba ƙarfin wuta ba ce. A cikinsa akwai wani abu mai jin iskar ɗaki. In ya ji sanyi sai ya buɗe bakin bututu ruwan zafi ya shiga. In ya ji ɗumi ya kai yadda aka ce masa, sai ya rufe bakin. To da aka naɗe shi da zani, zafin bututun ya taru a ciki, shi a zatonsa duk ɗakin ne ya yi zafi haka. Sai ya rufe. Shi bai san Hajiya na jin sanyi ba."

Hajiya ta sauke bargon daga kanta.

Ya ci gaba. Ya ce lamba biyar ba ta sa ɗaki ya yi saurin ɗumi, sai dai ta hana abin tsayawa. Ya ce uku ita ce daidai da jikin mutum. Ya yi bayanin abin da ke faruwa in an buɗe taga. Daga nan ya koma kan ɗaya bawul ɗin, ya ce ai Hajiya ma ta fi shi sani, kamar ban ruwa ne a Kura: in mai gonar bakin kwata ya buɗe tasa gaba ɗaya, na ƙarshen layi sai dai ya ga laka. Ba a hana na farko ruwa, ana dai rage masa ƙofa don ya isa ga kowa.

A nan na ga Hajiya ta ɗan gyaɗa kai. Ta cire rigar sanyi ɗaya ta ninke. Na yi masa alama da ido cewa ya isa, an ci nasara, a tashi.

Bai gan ni ba. Ya shiga tarihin boila. Ya faɗi bambancin ta gas da ta lantarki. Ya bayyana dalilin da ya sa ruwan ciki ke baƙi. Ya ce akwai wani ɗan tsinke a ƙarƙashin farin kan da ke maƙalewa in an daɗe ba a taɓa shi ba, ya kwatanta yadda ake ƙwanƙwasa shi. Ya miƙe tsaye, a ɗakin surukarsa, yana zana hanyar bututu a iska da hannu biyu. Jaririya ta yi barci a hannuna, ta farka, ta sake komawa. Shayin da Suwaiba ta kawo ya yi fata. Wayar wani ta kira la'asar, ya ɗan dakata har aka gama, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ɗaki dai ya yi ɗumi, daidai, ba zafi ba sanyi. Hajiya ta cire riga ta biyu. Ina kallonta ta sa ƙafa ta kwantar da akwatin, ta tura shi ƙarƙashin gado a hankali. Ta miƙa hannu ta karɓi jikarta daga wurina ta saɓa a kafaɗa. Suwaiba ta sauke ajiyar zuciya.

Shi kuwa Lurwanu ya zagayo ya dawo kan farin kan, karo na ban san nawa ba.

"Saboda haka, Hajiya, abin lura a nan shi ne, ba sai an tsaya a kansa ba. Lamba kawai za a sa masa. Da zarar ya ji ɗaki ya ƙoshi, shi da kansa yake rufe bakinsa. Ba sai an ce masa ya isa ba. Shi da kansa."

Ya tsaya ya ja numfashi, da alama akwai saura.

Hajiya ta kalli hitar. Ta kalli bango. Sannan ta juya wajen 'yarta.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Shi ƙarfen na gane shi. Maigidan naki fa, a lamba nawa ake sa shi?"